Ƙafar Jummala

Ranar Asabar ɗin da Abba ya sa wa Abdulbaqi, tun safe na kasa cin komai. Shayin da na haɗa a kan durowa ya huce, na ɗauka na zubar.

Wata biyar ke nan ana abu ɗaya a gidanmu. Sau biyu Abdulbaqi yana turo kawunsa neman aurena, sau biyun Abba yana karɓarsa da mutunci, a sha ruwa, a yi addu'a, a rabu ba eh ba a'a.

Laifinsa ɗaya ne: ɗan fim ne, darakta. Mahaifina kuwa, Alhaji Ja'afaru, shekara talatin ya yi yana alƙalanci kafin ya yi ritaya ya dawo ya zauna a gidansa na Nassarawa. A layinmu in aka ce ɗan fim, sai ka ga an taɓe baki kamar an ce ɓarawon takalmi a masallaci.

Sai a makon jiya, bayan na kwana uku ban leƙo falo ba, ya aika aka kira ni.

"Raliya," ya ce, "ban taɓa yanke wa mutum hukunci ban ji ta bakinsa ba, ba kuma a kan 'yata zan fara ba. Ki ce masa ya kawo aikin nasa ranar Asabar bayan azahar. Zan kalla daga farko har ƙarshe. In na ga mutum ne da za a ba amana ya riƙe, na ba shi ke. In ban gani ba, kada a ƙara kawo min maganar."

Abba ba ya magana biyu. Na san ranar nan ita ce ke nan.

A kicin na tarar da Umma tana yanka alayyahu, ko ɗagowa ba ta yi ba da na gaishe ta.

"Ke dai kin fi son ki ja mana magana a gari," ta ce. "Ga Taufiq nan, ɗan yayana, injiniya, ya gama gininsa a Hotoro har ya zuba kujeru. Ya san ki, ya san lalurarki tun kina ƙarama, ya ce ya ji ya gani."

"Umma, ni ba kayan gwanjo ba ce da za a ce an ji an gani."

"Shekararki ashirin da takwas, Raliya. Ga ƙafar nan kuma..."

"Ƙarasa mana, Umma."

Ta ajiye wuƙar, idonta ya cika da ƙwalla. "Ni na haife ki. Kina tsammani ba na kwana da abin a raina? So nake in mutu na san kina hannun wanda ba zai goranta miki ba."

Ban gaya mata cewa da ƙaramar sallah ina bayan labule na ji Yaya Taufiq yana ce mata, "Gwaggo, ai ko don lada ma na aure ta." Tun ranar ko muryarsa na ji sai raina ya ɓaci. Lada yake nema, ni ce masallacin da zai gina.

Shan inna ne ya taɓa ni tun ina goye, a ƙafar hagu. Ba na riƙe sanda, amma ƙafar siririya ce, kuma jan ta nake. Duk gidanmu ko ba a gan ni ba an san ni ce tafe.

Ina shekara tara aka yi min aiki a asibitin ƙashi, na yi wata uku a kwance. Na daina magana, na daina cin abinci sai an yi da gaske. Wata rana Abba ya shigo da baƙar leda, ya ajiye a gefen gadona, ya shafa kaina ya wuce kotu. Littattafai ne ƙanana guda uku, na ɗaya zuwa na uku: Jummala da Ƙofar Tagulla, na marigayi Malam Lawan Tudun Wada. Na ɗauka masinja ya aika ya ɗebo duk abin da ya samu, don Abba ba ya karanta abin da yake kira tatsuniya.

Jummala 'yar maƙeri ce. Aljanu suka sace kogin garinsu suka kulle shi a cikin dutse, bayan wata ƙofa ta tagulla. Jarumai suka yi ta zuwa da takubba, ƙofar ta ƙi buɗuwa, don ta san takun mayaƙa, da ta ji shi sai ta ƙara datsewa. Jummala kuwa shan inna gare ta, a ƙafar hagu. Kwana arba'in ta yi tana hawan dutsen da mahayi ke hawa a wuni ɗaya. Da ta iso ba ta da takobi, ba ta da tsafi. Tafiya kawai ta yi, ƙofar ta ji irin takun da ba ta taɓa ji ba, ta buɗe.

Ranar da na kai wurin nan na ce wa nas ta kama ni in gwada tsayuwa.

Daga nan na zama mayyar littattafan almara. Na Hausa masu aljanu da takubban tsafi na cinye su, na koma na Turawa masu dodanni da matsafa, masu kauri kamar bulo. Kuma duk wanda aka ce an mayar fim sai na kalla, duk da na san ɓacin rai zan saya.

Kullum abu ɗaya suke yi. A ɗauki littafi mai shafi ɗari bakwai a danna shi cikin awa biyu, kamar mai cusa katifa a jakar hannu. Su bar faɗace-faɗacen, su zubar da wuraren da mutum ke zaune shi kaɗai yana jin tsoro. Dodon da na shekara ina gani a raina yadda nake so, su ba shi fuska, da na gan ta sai tsoron ya fita. Mummuna su mai da shi kyakkyawa, tsohuwa su mai da ita budurwa. In ka yi magana a ce ai fim daban, littafi daban. To in daban ne, me ya kai ku ɗaukar sunansa?

Irin wannan masifar nake zubawa a wani zauren masu karanta littattafai na waya, har Abdulbaqi ya kula ni. Ya rubuto ya ce shi darakta ne daga Kawaji, iyalan Malam Lawan sun damƙa masa littafin Jummala ya yi fim, yana neman wanda ya san shi ciki da waje. Na ce masa ya ji tsoron Allah ya bar littafin nan ya huta. Ya ce to in zo in hana shi ɓata shi.

Haka aka fara. Na ba shi kwafina, wanda na cika gefen shafukansa da rubutu tun ina firamare. Ranar da ya fara zuwa gidanmu na fito ina jan ƙafa. Ya sunkuyar da kai yana duba wayarsa har na zauna, sannan ya ɗago ya ce, "Raliya, ni ba na ganin ƙafarki. Ke nake gani."

Ba wanda ya taɓa gaya min haka. A ranar na ba shi zuciyata gaba ɗaya, ban rage komai ba. Bayan nan duk sanda na tashi tafiya sai ya kau da kai, ni kuma ina cewa wannan wane irin mai kara ne.

Shekara guda suka yi suna aikin fim ɗin. Ko hoto ɗaya bai nuna min ba. In na tambaya sai ya yi dariya ya ce sai ya kammala, so yake in gani gaba ɗaya.

Ƙarfe biyu da 'yan mintoci maigadi ya buɗe masa get. Ta taga na hango shi cikin farar shadda, ya kafa hula, yana share gumi duk da inuwar darbejiyar da ta rufe harabar. Ya shigo falo ya tsuguna har ƙasa ya gaida Abba, ya ƙi hawa kujera, ya zauna a kan kafet.

Yaya Taufiq tuni yana nan. Wai gaida Gwaggo ya zo, a ranar, a kuma lokacin.

"A'a, manyan 'yan fim," ya ce yana miƙa masa hannu. "Kawo filashin fim ɗin in sa maka, kada talabijin ɗin ta ba ka wahala."

Aka saki labule. Umma ta zauna a gefen Abba da carbinta. Ni na zauna a kujerar ƙarshe, na ja hijabina har ya rufe min ƙafafu.

Gaskiya farkon ya yi kyau, ba zan zalunce shi ba. Ga maƙera, ga zugazugi na huci, ga busasshen kogi mata na tonon yashi da ƙwarya. Har ƙarar guduma yadda nake jin ta a raina haka ta fito. Na saci kallon Abdulbaqi, na ji ina son sa fiye da kullum.

Sai wata yarinya ta shigo da gudu.

Fara ce, doguwa, gashin ido zara-zara, ta ɗauko tulu a ka tana tsallake duwatsu ko tangaɗi babu. Na ce a raina wata ce ya ƙara, ƙila ƙanwarta. Sai maƙerin ya ɗago ya ce, "Jummala, ina kika tsaya?"

Na jira. Na ce ƙila mafarki take, yanzu za ta farka. Ƙila nan gaba ciwon zai same ta. Na yi ta jira har aka ci rabin fim ɗin, tana nan da ƙafafunta biyu lafiyayyu, har da hawa doki.

Aljanun suka fito, baƙin hayaƙi na kwamfuta da jajayen idanu. Yaya Taufiq ya tuntsure da dariya ya ce kamar an tada janareto. Aka kawo wani ɗan sarki da babu shi a littafin ko a shafi ɗaya, yana bin ta yana kare ta. Hawan dutsen kwana arba'in, da tsayawar da take yi ta murza ƙafa tana kuka, da tsohuwar da ta ce mata ta koma gida, duk an share. Minti biyu ta yi ta kai sama.

Da ta iso gaban ƙofar na ce ko a nan ne zai gyara.

Sai kiɗa ya tashi. Ta buɗe baki ta fara waƙa, ɗan sarkin ya amsa mata daga bayan dutse. Ƙofar tagulla ta wangale. Ruwa ya ɓarke, suka shiga cikinsa suna rawa, ita tana juyi a kan ƙafar hagu.

Umma ta rufe fuska da mayafi tana salati. Ni ko ƙifta ido na kasa.

Da rubutu ya fara hawa sama Abba ya ce a kashe. Daidai nan aka kira la'asar a masallacin layinmu.

"Malam Abdulbaqi," ya ce, "ni ban san sana'arku ba. Rawa da waƙar na gani, ban ji daɗinsu ba, amma ba a kansu na ce zan yi hukunci ba. An ce littafin wani bawan Allah ne da ya rasu, iyalinsa suka ba ka. To wannan amana ce. Shaidar da ta san littafin kuwa ga ta nan." Ya nuna ni. "In mun dawo daga salla zan tambaye ta ko ka riƙe. Abin da ta faɗa, shi ne."

Suka fita. Na yi salla ban san me na karanta ba, na fito bayan rumfar motoci, gindin mangwaro, na zauna a kan benci. Na san Abba zai tsaya lazimi kamar kullum, Yaya Taufiq kuma zai tsaya a gefensa don a gan shi. Ba a jima ba sai ga Abdulbaqi da sauri, hularsa a hannu.

"Raliya, don Allah ki saurare ni."

"Ina ƙafarta?"

"Ki bari in yi miki bayani."

"Ina ka kai ƙafar Jummala, Abdulbaqi?" na ce. "Waƙa? Waƙa ce ta buɗe ƙofar? Kai da na zauna da kai a wancan falon na karanta maka wurin har sau uku, kana cewa tsigar jikinka na tashi?"

Ya durƙusa a gabana, farar shaddar a cikin ƙasa. "Wallahi na yi faɗa. Wata uku ina faɗa da furodusa. Ya ce ba mai zama awa biyu yana kallon gurguwa. Jarumar ma ta ce ita ba za ta ja ƙafa ba, za a yi ta tsokanarta da shi. Ya ce ko a gyara ko a fasa fim ɗin. Ya zan yi?"

"Gurguwa."

"Ba ni na faɗa ba, shi ne."

"Amma kai ka maimaita, bakinka ko nauyi bai yi ba." Hawaye suka zubo min, ban share ba. "Kuma ka ce a gyara. Gyara ta kuka yi ke nan. Da a lalace take."

"Ba haka nake nufi ba."

"Me ya sa ba ka gaya min ba? Shekara guda kana zuwa gidan nan kana min dariya."

"Tsoro nake ji," ya ce, shi ma idonsa ya kawo ruwa. "Na san za ki ce in fasa. In na fasa kuma da me zan zo gaban Abba? Ɗan fim ɗin da ko fim ɗin ba shi da shi? Don ke na yi, Raliya. So nake in zama wani, in ɗauke ki da mutunci."

"Don ni ka cire ni?"

Ya matso, ya rage murya.

"Ki taimake ni. Ki taimake mu. Kalma ɗaya ce. Ki ce eh, ya riƙe. Abba bai san littafin ba, ke da bakinki kika ce ba ya karanta irinsu. In an ɗaura mana aure na yi miki alkawari zan sake yin sa, yadda kike so, ko zan sayar da rigar jikina."

"Ƙarya kake so in yi wa Abba?"

"In kika ce a'a shi ke nan. Kin ji abin da ya ce. Taufiq za a tura miki, kina so? Za ki iya rayuwa da shi?" Hawayensa suka sauko har gemu. "Ni zan mutu, Raliya. Fim ne fa kawai. Kin san ni ba na ganin ƙafarki."

Na dube shi. Ina jin haushinsa kamar in shaƙe shi, kuma ina son sa, duka a lokaci ɗaya. Na tuna gidan Hotoro da kujerunsa, da mutumin da zai riƙa kallona kullum yana lissafin ladansa. Na ji ƙarar get, Abba ya dawo.

Ban ce masa eh ba, ban ce a'a ba. Na miƙe, shi kuma ya kau da kai kamar yadda ya saba har na wuce.

Kowa ya koma mazauninsa. Abba ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya dube ni irin kallon da na san ya yi wa shaidu da yawa.

"Raliya, kin san littafin nan?"

"Na san shi, Abba."

"Tun yaushe?"

"Shekara goma sha tara."

"To tsakaninki da Allah, abin da muka kalla shi ne abin da ke cikin littafin? Yaron nan ya riƙe amanar mamaci?"

Umma ta daina jan carbi. Na ji Jummala a raina, ta kai kwana na talatin da tara, tana zaune tana murza ƙafa. Na sunkuyar da kai.

"Eh, Abba. Shi ne. Ya riƙe."

Na ji Abdulbaqi ya sauke ajiyar zuciya. Yaya Taufiq ya yi ƙaramin tsaki.

Abba ya daɗe yana kallona, har na ɗago. Abin da na gani a fuskarsa ban taɓa gani ba, ko ranar da mahaifiyarsa ta rasu. Sai ya lumshe ido, ya fara magana a hankali, da irin muryar da yake karatu.

"Ƙofar ta saurara. Taku ɗaya, ja ɗaya. Taku ɗaya, ja ɗaya. Ba ta taɓa jin irinsa ba, sai ta buɗe don ta ga ko wane ne."

Kalma da kalma, littafi na uku, shafi na sittin da biyu.

"Abba..."

"Kina tsammani zan ba 'yata littafin da ban karanta ba?" ya ce. "Kina kwance kin ƙi magana, kin ƙi abinci, likita ya ce ƙafar za ta yi sauƙi amma yarinyar ce ta karaya. Sati biyu ina tashi daga kotu in wuce wurin masu littattafai a kasuwa, da rawanina, in tsaya ina buɗe tatsuniyoyi yara na kallona. Neman wanda aka sa irinki a ciki nake. Na duba sun fi hamsin, duk inda mai lalura ya fito, ko maroƙi ne ko abin dariya. Sai wannan. A tsaye na karance shi. Har gidan Malam Lawan na je na yi masa godiya."

Na zame daga kujera na durƙusa, kuka ya ƙwace min. "Ka yafe min, Abba. Don Allah ka yafe min."

"Fim ɗin bai dame ni ba," ya ce. "Ya cire wa Jummala ƙafa, wannan tsakaninsa da mai littafi ne, za su haɗu. Amma ke, shekara ashirin da takwas ban taɓa kama ki da ƙarya ba. Kina ƙarama in kin fasa kofi ke kike kawo min ɓaraguzan. Yau kin dubi idona, an ce tsakaninki da Allah, kin faɗi abin da kika san ba haka ba ne, a kan littafin da ya tashe ki tsaye. Tun bai aure ki ba ya fara rage ki."

"Baba, laifina ne," Abdulbaqi ya ce, ya rarrafo gaban Abba. "Ni na roƙe ta. A hukunta ni, kada a hukunta ta. Wallahi ina son ta. Ni ban taɓa ɗaukar ta mai lalura ba, ko ganin ƙafarta ba na yi."

"Ba ka gani?"

"Wallahi ba na gani, Baba."

Abba ya gyaɗa kai. "To bari in yi maka tambaya ɗaya, kada ka ce an zalunce ka. In ka amsa, na janye duk abin da na faɗa, gobe ka turo kawunka. Shekara guda da rabi kana zuwa gidan nan." Ya nuna ni, ina durƙushe, hijabi ya rufe ni har ƙasa. "Wace ƙafa ce?"

Zuciyata ta buga da murna. Abba ya sassauta, ya ba shi mai sauƙi. Wannan ko maigadinmu ya sani. Ko bai lura da tawa ba, ai a shafin farko na littafin aka faɗi ta Jummala, kuma a gefen wurin na rubuta da jan biro tun ina yarinya: irin tawa.

Na zuba masa ido ina jira.

Ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi gefen hijabina, ya dubi kafet. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Ta... ta dama ce, Baba."

Umma ta saki carbinta ya faɗi. Yaya Taufiq ma, da na zaci zai yi dariya, sunkuyar da kai ya yi. Shi ya sani.

Kukan da nake ya tsaya cak. Ashe gaskiya yake faɗa min tun ranar farko, ni ce na ji abin da nake son ji. Ya ce ba ya gani, kuma ba ya ganin. Duk kau da kan nan da nake kira kara, ashe ba ya son kallo ne.

"Tashi ka je, Malam Abdulbaqi," Abba ya ce. "Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

"Abba, a ɗan dakata masa," na ce.

Na dafa kujera na miƙe. Na tattare hijabina da zanina zuwa ƙauri, abin da ban taɓa yi a gaban baƙo ba. Umma ta ce, "Raliya!" Ban saurare ta ba. Na sauka daga kafet zuwa kan tayil, inda ake jin takuna sosai, na fara tafiya ta gabansa zuwa ƙofar ciki. Taku ɗaya, ja ɗaya.

Ya sunkuyar da kai.

"Ɗago," na ce. "Shekara guda da rabi kana kau da kai. Yau ɗago ka kalla."

Ya ɗago, fuskarsa sharkaf da hawaye. Ya kalle ta, siririya, a karkace, da dogon tabon ɗinki tun daga idon sawu. Na ga yadda idonsa ya so ya gudu ya riƙe shi da ƙyar. Har a lokacin ina son sa, wannan ne ya fi komai yi min ciwo.

"Ta hagu ce, Abdulbaqi," na ce. "Ka dawo min da littafina."